Ƙafar da ke taka fedar da ba ita ba a ɗakin endoskofi

Tambaya: Ni likita ne da ke shekara ta biyu a koyon aikin endoskofi, wato duba cikin hanji da ciki da doguwar na'ura mai kyamara a bakinta. Kwanan baya ina cire tsiro a babban hanjin wani majiyyaci, na yi niyyar taka fedar ruwa don in wanke wurin, sai na taka ta lantarki alhali zargen wayar da ake kama tsiro a yanke shi da shi yana taɓa bangon hanjin. Allah ya kiyaye, ƙunar ba ta yi zurfi ba. Shugabana ya ce in riƙa mai da hankali, amma ni na san hankalina yana wurin a lokacin. Akwai abin da za a gyara a yadda ake ajiye waɗannan fedojin da yadda ake taka su?

Amsa: Sannu da aiki, ɗan'uwa, kuma na yaba da ka fito fili ka faɗi abin da ya same ka, domin irin wannan kuskure yakan faru da mutane da yawa a cikinmu amma kaɗan ne ke bayyana shi. Maganar shugabanka ba ta rasa gaskiya ba, sai dai ba ta kai ga tushen matsalar ba. Ka duba yadda jikinka ke rarrabuwa a lokacin aiki. Hannun hagu yana riƙe da kan na'urar, yana murɗa maɓallan karkatar da bakinta, yana kuma danna na zuƙa da na hura iska. Hannun dama yana kan igiyar na'urar, yana turawa, yana ja, yana murɗawa. Idanu suna kan allo, baki yana ba mataimaki umarnin buɗe zarge da rufe shi. Ƙafa ce kaɗai aka bari ta yi aiki ba tare da ido ba, a ɗaki mai duhu-duhu, a ƙarƙashin gado, kuma ita aka ɗora wa sakin wutar lantarki a cikin jikin mutum. Idan an ce ka ƙara mai da hankali a kan ƙafa, daga allo za ka ciro hankalin, wurin da ya fi ko'ina buƙatarsa. Saboda haka gyaran da ya dace shi ne a tsara ƙasan ɗakin yadda ƙafa za ta san inda take ko da ido bai taimake ta ba.

Wannan matsala an daɗe da saninta. A shekarar 2003 wasu masu bincike a ƙasar Holand suka tambayi likitoci 45 masu yin tiyatar ciki da kyamara ta ƙananan kafofi game da fedojin da suke takawa. Kashi 91 cikin 100 suka ce feda takan ɓace wa ƙafarsu a wasu lokuta, kashi 75 suka ce sukan taka wadda ba ita ba, fiye da rabinsu kuma suka ce sukan ji ciwo ko rashin sakewa a ƙafa. Mutanen da aka tambaya ba su da yawa, kuma masu tiyata ne, amma duk wanda ya daɗe a ɗakin endoskofi ya san halin ɗaya ne. Abin da uku cikin huɗu na ma'aikata ke faɗawa cikinsa ba za a kira shi sakacin mutum ɗaya ba.

Mu fara da abin da ke ƙasan. Na'urar lantarki mai yanka da ƙonawa tana da feda mai baki biyu, rawaya da shuɗiya. Ƙa'idar da masu ƙera na'urorin ke bi a duniya ita ce rawaya ta yanka, shuɗiya ta ƙona don tsayar da jini, kuma idan suna haɗe, rawayar tana hagun mai takawa, shuɗiyar tana damansa. Bayan wannan akwai fedar famfon ruwa, a wasu ɗakunan akwai ta ɗaukar hoto, idan kuma aikin bututun matsarmama ake yi, wato ERCP, sai a ƙara ta hoton eksire. Wurin da bai wuce faɗin ƙaramar darduma ba yakan tara maɓallai huɗu ko biyar, daga kamfanoni daban-daban, kowanne da wayarsa. Launin rawaya da shuɗi yana da amfani ga mai kallo, amma ƙafa ba ta ganin launi. Abin da take ganewa shi ne wuri, da tsayi, da siffa, da ƙarfin da ake buƙata kafin feda ta nutse.

Yana da kyau ka riƙa tuna dalilin da ya sa bambancin rawaya da shuɗiya yake da girma. Wutar yanka tana zafafa ruwan da ke cikin ƙwayoyin nama da sauri har ya wuce digiri 100, ƙwayoyin su fashe, nama ya rabu. Wutar ƙonawa tana zafafa shi a hankali, ya bushe, ƙananan jijiyoyin jini su toshe, amma zafin yana ratsawa ciki. Bangon babban hanji, musamman ɓangarensa na dama, kaurinsa milimita kaɗan ne, kuma yana ƙara sirancewa idan an hura iska. Wanda ya taka shuɗiya ya daɗe a inda ya kamata ya yanka yana iya dafa bangon har zuwa bayansa, majiyyaci ya koma gida lafiya, bayan awanni ko kwanaki ya dawo da ciwon ciki da zazzaɓi, wani lokaci ma da hujewar hanji. Wanda ya taka rawaya a inda ya yi nufin tsayar da jini yana iya yanke jijiyar da yake son toshewa. A wajen faɗaɗa bakin bututun matsarmama kuwa, yankan da ya kufce ya zarce da sauri yana jawo zubar jini ko huda. Ko fedar eksire da aka jingina da ita ba da sani ba tana zuba wa majiyyaci da ma'aikata hasken da babu wanda ya amfana da shi.

Kuskuren da ya same ka yana da wani dalili na musamman, kuma a kansa nake so mu daɗe. Fedar ruwa ita ce aka fi takawa. A duba hanji guda ɗaya kana iya taka ta sau da yawa har ka daina lissafi, kuma babu wani haɗari a cikinta, saboda haka ƙafa ta saba zuwa mata ba tare da neman izinin ƙwaƙwalwa ba. Fedar lantarki kuwa sau ɗaya ko biyu ake buƙatarta, kuma ita ce mai cutarwa. Idan aka jera su kafaɗa da kafaɗa, a gaban ƙafa ɗaya, an haɗa motsin da aka saba yi cikin gaggawa da maɓallin da ba ya yafiya. Da zarar ɗayarsu ta gusa da faɗin tafin hannu, ko kai ka juya jikinka kaɗan, ƙafar za ta je inda ta saba, ta tarar da wata fedar a wurin. Maganin farko shi ne a raba su. Ni abin da na zaɓa wa kaina shi ne ƙafar hagu ta ruwa, ƙafar dama ta lantarki, kuma ban taɓa sauyawa ba ko a wane ɗaki na shiga. Wani zai fi son akasin haka, babu laifi, muddin zaɓin ya zama ɗaya a kullum. Mafi kyau ma a rage yawan abin da ke ƙasan: kan na'urar endoskofi yana da maɓallai da ake iya ba su aikin da ake so, saboda haka ɗaukar hoto ya koma yatsa, kuma wasu famfunan ruwa ana iya haɗa su da waɗannan maɓallai ta waya. Idan aka yi haka, sai ya zama abin da ya rage wa ƙafa shi ne lantarki kaɗai, kuma duk lokacin da ta motsa, ka san abu mai nauyi za ka yi.

Abu na biyu shi ne feda ta zauna wuri ɗaya. Ƙasan ɗakin yana da santsi, sau da yawa akwai ɗigon ruwa, kuma kowane taku yana tura feda gaba kaɗan. Mai shara yana ɗage ta tsakanin majiyyaci da majiyyaci, mai tura keken na'urori yana jan wayarta, kai kanka kana matsawa idan an juya majiyyaci daga gefen hagu zuwa rigingine. Akwai ranar da na nemi feda da ƙafa a tsakiyar zubar jini na rasa ta, ashe wayarta ta naɗe a tayar gado lokacin da aka gyara shi, ta ja ta ciki. Daƙiƙun da na ɓata ina lalube ba su da yawa, amma sun isa jini ya rufe wurin da nake gani. Tun daga ranar ba na fara aiki sai na taɓa kowace feda da ƙafata. Abubuwan da ke hana wannan gusawa ba su da wahalar samu: shimfiɗar roba mai kama ƙasa a ƙarƙashin feda, ko faranti mai gurabe da ake zaunar da fedojin a ciki, da alamar tef a ƙasa wadda ke nuna wa kowane ma'aikaci inda za a mayar da ita bayan shara. Wayoyi su bi ta bayan feda su tafi, kada su ratsa ta inda kake tsayawa. Kada kuma a tura feda ƙarƙashin ɓangaren gado mai sauka da hawa, domin gadon yana iya danne ta idan an sauke shi.

Wurin da za a ajiye ta yana bin wurin da allo yake. Allo ya kasance a gabanka kai tsaye, ƙirjinka da ƙugunka da yatsun ƙafarka duk suna fuskantarsa, feda kuma tana kan wannan layin, a inda gaban ƙafa zai kai ba tare da diddige ya bar wurinsa ba. Idan sai ka miƙa ƙafa gefe ko ka murɗe ƙugu kafin ka kai gare ta, to ta yi nisa. A tiyatar ciki da kyamara, inda likita kan koma ɗaya gefen majiyyaci a tsakiyar aiki, dole feda ta bi shi, a kuma tabbatar ba a juya ta ba, domin feda mai baki biyu da aka ajiye a karkace tana rikita hagu da dama.

Sai tsayuwa, wadda mutane ba su cika ɗaukar ta a matsayin sanadin kuskure ba. Ka lura da masu koyo idan lokacin yanka ya matso: sukan ɗage gaban ƙafa su rataye shi a kan feda, su ɗora dukan nauyinsu a ɗaya ƙafar, su zauna a haka na mintuna suna gyara zaman zarge. Tsokar gaban ƙwauri ce ke riƙe ƙafa a ɗage, kuma tana gajiya da wuri. Idan ta gaji, ƙafar tana sauka a hankali ba tare da mai ita ya sani ba, har nauyinta ya kunna wutar. Ban da wannan, mai tsayuwa da ƙafa ɗaya jikinsa yana tangaɗi, tangaɗin kuma yana bi ta kafaɗa ya isa hannun da ke riƙe da igiyar na'ura, a daidai lokacin da ake son bakinta ya tsaya cak. Abin da nake koya wa na ƙasa da ni shi ne diddige ya zauna a ƙasa, nauyi ya rabu a ƙafafu biyu, gaban ƙafa ya huta a ƙasa kusa da feda ko a kan tudun da ke raba rawaya da shuɗiya. Idan lokaci ya yi, ƙafar ta juya a kan diddige ta taka, ta gama ta koma mazauninta. Wannan tudun na tsakiya shi ne jagoran ƙafa, domin da shi take sanin ɓangaren da take. Sai dai ka bincika irin fedar ɗakinku, saboda wasu fedojin suna da ƙaramin maɓalli a tsakiya wanda ke sauya tsarin wutar, kuma bai kamata ƙafa ta kwanta a kansa ba.

A shekarar 2023 ƙungiyar likitocin endoskofi ta Amurka, ASGE, ta fitar da jagora kan kare ma'aikata daga raunukan da aikin ke jawowa, inda ta ba da shawarar daidaita allo da tsayin gado, da yin ɗan hutu tsakanin ayyuka, da tsayawa a kan tabarmar roba mai rage gajiya. Shawara ce mai kyau, amma tabarmar tana zuwa da nata lamarin. Idan kana kan tabarma feda tana ƙasa, tsayin da ƙafarka ta saba ya sauya. Idan rabin feda yana kan tabarma rabi yana ƙasa, za ta riƙa karkata. Idan kuma tabarmar ta cika laushi, feda tana nutsewa kafin ta kunna. A zaɓi ɗaya, ko duk a sama ko duk a ƙasa, a gwada, a tsaya a kansa. Mai sanye da rigar darma mai kare jiki daga haske a aikin eksire yana ɗauke da ƙarin nauyin kilo da dama, saboda haka gajiyarsa ta fi saurin zuwa, kuma a ayyukan da ke wuce awa ɗaya, kamar ɓare babban tsiro daga bangon hanji, zama a kujera mai daidaituwa yana sauke wa ƙafa nauyin riƙe jiki, ta koma ga taku kaɗai.

Takalmi ma yana cikin lissafi. Mai faɗin baki yana iya danne fedoji biyu a lokaci guda, mai kaurin ƙasa yana hana ka jin tudun tsakiya, mara diddige kuma yana zamewa daga ƙafa idan ka ɗage ta. Ledar da ake rufe takalmi da ita tana santsi a kan feda mai jiƙa. Ka samu takalmi rufaffe wanda ya kama ƙafarka, ka riƙa aiki da shi shi kaɗai.

Duk wannan yana rage taka wadda ba ita ba, amma ba ya kawar da shi gaba ɗaya, saboda haka ana buƙatar shinge na biyu, wanda zai sa ko an taka bisa kuskure babu abin da zai faru. A lamarinka, tambayar da zan yi ita ce me ya sa zargen yake haɗe da wuta a lokacin da kake wanki. Wayar da ke kai wuta ga zarge a maƙala ta ne kawai idan an kama tsiro an shirya yanka, a cire ta da zarar an gama. Wannan aikin mataimaki ne, kuma ba ya ɗaukar fiye da daƙiƙa biyu ko uku. Kafin taku kuma a yi magana da baki: ka faɗi tsarin wutar da kake so da fedar da za ka taka, mataimaki ya dubi fuskar na'urar ya maimaita maka. Na'urar tana yin ƙara idan an kunna ta, kuma ƙarar yanka daban take da ta ƙonawa, don haka kunne shi ne na farko da zai gaya maka ka yi kuskure. Kada a rage ƙarar don tana damun mutane, kada kuma hira ko kiɗa su rufe ta. Duk wanda ke ɗakin, har da mafi ƙanƙanta a muƙami, a ba shi damar ya ce a ɗaga ƙafa idan ya ji ƙarar da ba a sanar da ita ba.

Game da duban ƙasa, wasu malamai suna hana shi sam, ni kuwa ina ganin lokacinsa ne abin lura. Kallo ɗaya kafin a rufe zarge ba ya cutar da kowa. Bayan an rufe shi a kan nama kuwa, ido ba ya barin allo, domin a wannan ɗan lokacin ne bakin na'ura ke gusawa ko zarge ya kamo abin da ba a nufa ba. Idan a wannan matakin ka ji shakkar inda ƙafarka take, ka sassauta zargen, ka duba, ka sake kamawa.

Akwai kuma yadda ake takun kansa. Na'urori da yawa na zamani suna da tsari mai sauya yanka da ƙonawa da kansa, ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda kamfanin Erbe ke kira Endo Cut, kuma yana kan feda rawaya. An yi shi ne don a taka a riƙe, na'urar ta yi zagayenta. Mai ɗan taɓawa yana sakewa saboda tsoro yana mayar da zagayen farko a kowane taku, wato matakin yanka, sai ya sami yanka mai yawa da ƙonawa kaɗan, akasin abin da yake nema. Ka san tsarin da ke kan kowace feda a ɗakinku, domin ana iya sauya shi, kuma wanda ya yi aiki kafin kai yana iya barin nasa. Sannan mutum ɗaya ne ke da feda a kowane lokaci. Idan malami zai karɓa daga hannun ɗalibi, a faɗa da baki, ɗalibin ya janye ƙafarsa baya. Kada ka manta kuma cewa tsiron da bai kai milimita 10 ba, wanda ba shi da siririn wuya, yanzu an fi cire shi da zarge ba tare da wuta ba, kuma jagororin Turai da na Amurka sun goyi bayan haka. A irin wannan aikin ba ka buƙatar fedar lantarki a kusa da ƙafarka ko kaɗan.

Za a ba ku shawarar sayen feda mara waya. Tana kawar da sarƙewar wayoyi, kuma wannan ba ƙaramin amfani ba ne, amma tana buƙatar batiri mai caji, tana buƙatar a tabbatar da na'urar da take haɗe da ita, kuma da yake babu abin da ya ɗaure ta, ta fi saurin yawo, har takan koma wani ɗakin. A tiyatar ciki da kyamara akwai kayan aiki masu maɓalli a hannu, waɗanda ke raba ƙafa da wuta baki ɗaya, ko da yake danna maɓallin yana iya girgiza bakin kayan a wuri mai laushi. Idan asibitinku zai sayi sabuwar feda, ka nemi a kawo samfuri, ka tsaya da takalmin aikinka, ka rufe ido, ka ga ko za ka bambance ɓangarorin biyu da ƙafa, ko tana gusawa idan ka taka sau goma a jere, ko nauyin ƙafa kaɗai yana kunna ta, da ko ruwa yana shiga cikinta.

Abin da ya same ka kuma ka rubuta shi a takardar rahoton abin da ya kusa zama haɗari, tare da zanen inda kowace feda take a lokacin, ko hoton ƙasan ɗakin idan ba a riga an sauya ba. Idan irin waɗannan rahotanni suka taru, za a ga ko a ɗaki ɗaya ake ta yin kuskuren, ko da feda iri ɗaya, ko a ƙarshen yini lokacin da gajiya ta yi yawa. Da su ne za ku iya zama da likitoci da ma'aikatan jinya ku amince da tsari guda, a ɗauki hotonsa a manna a jikin keken na'urori na kowane ɗaki. Majiyyacin naka kuma, tunda wuta ta taɓa bangon hanjinsa, a rubuta wurin ƙunar da girmanta a fayil ɗinsa, a gaya masa abin da ya faru, a kuma shaida masa cewa idan ya ji ciwon ciki mai ƙaruwa, ko zazzaɓi, ko ya ga jini a bayan gida a cikin makonni biyu masu zuwa, ya dawo asibiti nan take ba tare da jiran ranar da aka ba shi ba.